Bargon Ƙyallaye a Hunturu: In Ci Bashi In Ƙara Jari?

Wata 'yar uwa mai ɗinki ta aiko da wannan tambaya daga Zariya:

"Assalamu alaikum. A gida nake ɗinki. Riga da zani ina karɓar naira 4,000, kuma ina gamawa a yini ɗaya. Bara da sanyi ya shigo na fara haɗa ragowar atamfofi ina ɗinka bargo, in sa faiba a tsakiya, in yi masa baya da yadi. Na sayar da guda 14 a kan 18,000 kowanne, har wasu suka nema ba su samu ba. Kowanne yana cin kayan 12,500 da aikin kwana huɗu. Yanzu ga Disamba ta ƙarato da bukukuwanta, ina so in karɓi bashin 400,000 a wani ƙaramin banki, ruwan kashi 5 cikin ɗari a wata, in saro kaya da yawa. Amma wasu na cewa nawa ya yi tsada, ɗan Chaina ya fi araha. In karɓi bashin? In rage kuɗin?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa wa sana'ar albarka. Kada ki karɓi bashin nan, kuma kada ki rage ko sisi. Ƙari ma ya kamata ki yi. Da alƙaluman da ke kanki kika aiko zan nuna miki dalili, don ki iya bin lissafin da bironki.

Ki cire 12,500 daga 18,000, saura 5,500. Ita kike kira riba, alhali ladan aikinki ne na kwana huɗu, wato 1,375 a yini. Ke kuma idan kika zauna kan riga da zani, da 4,000 kike tashi kafin magariba. Ashe duk yinin da kika ba bargo kin bar 2,625 a ƙasa. Bargo 14 kwana 56 ke nan, kuɗin da ya wuce ki ya kai 147,000. Na san ba kullum ake kawo ɗinki ba, akwai ranakun da keke ke zaune shiru, kuma a irinsu 1,375 ta fi babu. Amma Disamba ba ta cikin waɗannan ranaku. Watan anko ne da kayan amare da na Kirsimeti, lokacin da tela ke mayar da aiki don ya yi masa yawa.

Abin da ya rufe miki ido shi ne ƙyallen ba saye kika yi ba. Mai haɗa bargo takan ga kamar rabin kayan a banza ta same su, sai ta ji kunyar tsawwala kuɗi. To ki dubi abin da hannunki ke yi. Gadon shida-shida yana son bargon da ya kai kamar inci 90 ta kowane ɓangare, don ya sauko gefe. Idan ƙyallayen murabba'i ne masu inci 6, layi 15 ne, kowane layi guda 15, jimilla 225. Kowanne sai kin zaɓe shi, kin wanke, kin goge, kin auna, kin yanka, kin haɗa shi da maƙwabcinsa a kan kusurwa, sannan ki sake bin ɗinkin da guga. Bayan bargon kaɗai yana cin yadi biyar na mai faɗin inci 45, kusan turmi guda. Wanda ya sayi bargon nan wahalarki ya saya da idonki na haɗa launi. Su ne kika bayar kusan kyauta.

Uwar kuɗinki ta gaskiya ita ce 12,500 ta kaya da 16,000 ta kwana huɗu, 28,500 ke nan. Ki ɗora ɗaya bisa biyar a matsayin riba, don allura na karyewa, keke na son gyara, wani bargon kuma zai kwana a hannunki bai fita ba. Ya zama 34,200. Ki sa masa 35,000, ki bar wurin ragi kaɗan don mutanenmu ba sa jin daɗin ciniki sai an taya an yi albarka, amma ki riƙe a ranki cewa ƙasa da 30,000 ba ya barin ɗakinki. Kuma ki lura da abin da kika faɗa da bakinki: wasu sun nema ba su samu ba. Kayan da suka ƙare masu nema na tsaye, ba a ce sun yi tsada ba.

Sai bashin. Naira 400,000 za ta sayi kayan bargo 32. Bargo 32 a hannunki ke kaɗai kwana 128 ne. Ki fara ranar ɗaya ga Disamba, ba hutu, ba ciwon kai, ba zuwa suna ko gaisuwa, sai a makon farko na Afrilu za ki gama. Kin san Afrilu a Zariya, mutane na fitar da tabarma tsakar gida don zafi, wa zai taya miki bargo? A wata ɗaya abin da za ki iya fitarwa shida ne ko bakwai. A tsohon farashi ragowarsu ba ta wuce 33,000 zuwa 38,500, banki kuma zai ɗauke 20,000 kowane wata kafin a taɓo uwar kuɗi. Fiye da rabin guminki ke nan, a kan faiba da yadin da ke jibge a kusurwar ɗaki suna shan ƙura. Ban ma shiga hukuncin kuɗin ruwa ba, kin san abin da malamai suka faɗa a kai. Ko a ma'aunin kasuwa zalla, bashin nan maganin ciwon da ba ki da shi ne. Jari bai yi miki kaɗan ba. Hannu da lokaci ne suka yi kaɗan, su kuma banki ba ya ranta su.

Masu cewa ɗan Chaina ya fi araha gaskiya suka faɗa. Inji ne ke zubo shi dubbai, a loda a kwantena, ya sauka a Kantin Kwari ya bazu ko'ina. Ga kuma na gwanjo. Ba ki da hanyar kamo su a farashi, ko da ba za ki biya kanki ko kwabo ba. Idan magidanci ya zo miki yana neman abin da zai rufa wa yara huɗu da asuba, ko mai son raba wa almajirai da marayu barguna don sanyin Janairu, ki gaya masa gaskiya ya je kasuwar Sabon Gari ya sayi mai araha, kuɗinsa zai fi rufe mutane da yawa, ke ma kin sami ladan shawara. Naki mai sayen daban ne. Uwar amarya ce da ke son ranar jere a ga abin da babu irinsa a gadon kowa. Ma'aikaciya ce a Samaru da ke neman kyautar da za ta kai wa surukarta. Iyali ne a Wusasa da ke gyara ɗaki don baƙin Kirsimeti. Ɗan uwa ne da ya zo hutun ƙarshen shekara daga Ingila ko Amurka, yana son ya koma da abin gida wanda zai yi masa amfani a can inda sanyi ke cizo da gaske. Waɗannan idan kika karya farashi zargin kayan ma za su yi, don sun san araha ba ta ado.

Kada ki ɗauka sana'ar nan baƙuwa ce a wurinmu. Ki dubi 'yan lifida ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau. Lifidin da ke jikin dokin nan yadi ne sama da ƙasa, an cusa auduga a tsakani, an bi shi da ɗinki layi-layi don kada ta zame, dabarar da kike yi a bargonki. Kakanninmu kuma da luru da gwado suka yi maganin hunturu. Ki riƙa faɗa wa masu saye wannan, yana ƙara wa kaya daraja a idonsu, kuma gaskiya ce.

Akwai wani labari daga nesa da nake so ki sani, don ya yi kama da naki. A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, mazaunansa baƙaƙen fata ne jikokin bayi. Matan garin sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki da ragowar tufafi, don gidajensu ba su da abin ɗumama ɗaki. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee. A 1972 ƙungiyar ta sami kwangila da kamfanin Sears, kuma abin da aka ba su ɗinkawa rigunan matashin kai ne, ƙaramin abu mai awo ɗaya da ake maimaitawa. Shi ya riƙa kawo kuɗin yau da kullum, ragowar yadinsa kuma matan suka riƙa kai shi gida suna sa shi a barguna. A 2002 aka baje bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, duniya ta san su. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan a jikin kan sarki na aika wasiƙa. Amma a 2007 wasu daga cikin matan suka kai dillalan da ke tallata aikinsu kotu a kan maganar haƙƙi, kuma a 2021 ne wasunsu suka buɗe shagunansu na kansu a Etsy, dandalin sayar da kayan hannu a intanet, suna sayarwa kai tsaye. Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Ƙaramin kaya mai saurin fita shi ke riƙe gida, babban bargo shi ke yin suna. Sannan duk wanda zai karɓi kayanki ya kai Abuja ko Legas, ku yi magana a fili tun farko, a rubuce: nawa ya saya ko nawa ne la'adarsa, yaushe zai biya, kuma sunanki na nan a jikin kayan. Ki sa a buga miki ɗan ƙyalle mai sunan sana'arki da lambar wayarki, ki riƙa ɗinke shi a kusurwar baya ta kowane bargo.

To me za ki yi a Disambar nan da ta riga ta iso ƙofa?

Ki daina ɗinka babban bargo don jiran mai saye. Sai wanda aka yi oda, aka ba da kafin alƙalami. Ki karɓi rabin kuɗin, 17,500, ya riga ya biya kayan aikin duka har da ɗan saura. Ga jarin da kike nema a banki ya fito daga aljihun mai kayan, ba ruwa ba jingina. Ki karɓi oda biyar ko shida kawai, ki ba kowa ranarsa, ki cika. Na bakwai ki ce masa sai Janairu. Kalmar nan tana da nauyi a bakin mai sana'a, na sani, amma tela mai saɓa alƙawari ba ya buƙatar wani ya ɓata masa suna.

Akwai nau'in odar da ta fi kowacce daɗi, wadda mai ita ke kawo yadinta. Kowane biki ana fitar da anko, kowace ƙawa kuma tana da ragowa a wurin telanta. Ki ba ƙawayen amarya shawara su tara ragowar ankon kamu da na yini da na walima, ki haɗa mata bargo ɗaya da zai riƙa tuna mata da bikinta. Haka matar da ke da tsofaffin atamfofin mahaifiyarta a akwati, ba ta iya ɗaurawa, ba ta iya bayarwa. Irin wannan aiki ba a kwatanta kuɗinsa da na kasuwa, don babu inda za a je a samo shi. Ki riƙe shi da amana sosai, ki nuna wa mai shi tsarin da za ki bi kafin almakashi ya taɓa zanin, don wanda aka yanka ba ya komawa.

A tsakanin manyan, ki cika lokacinki da ƙanana: shimfiɗar jariri don suna, rigar matashi, sallaya mai laushi ga tsofaffi masu ciwon gwiwa, jakar Alƙur'ani. Shimfiɗar jariri ta inci 36 ƙyalle 36 ce kacal in aka yanka su inci shida-shida, aikin yini guda ko ƙasa da haka. Ita ce ke jawo wadda ba ta da 35,000 yau, kuma haihuwa ba ta jiran hunturu.

Wata magana da ba na so in tsallake, ita ce ta asalin ƙyallen. Ragowar yadin da aka kawo miki ɗinki na mai shi ne har sai ta yafe. Ki tambaya lokacin da ta zo karɓar kayanta: "Ga abin da ya rage, za ki tafi da shi ko in yi amfani da shi?" Yawanci za su ce ki riƙe. Amma akwai wadda ba ta son yankin tufarta ya shiga hannun wani, tana da dalilinta, kuma ranar da ta ga atamfarta a gadon wata ba da saninta ba, kin rasa ta, kin rasa duk wadda za ta ba labari. Wajen sauran teloli kuma ki saya a buhu ko ku yi yarjejeniya, ki rubuta kuɗin cikin lissafi. Yau suna zubarwa, gobe idan suka ga abin da kike yi da shi za su sa masa farashi, gara ki saba tun yanzu.

Idan za ki karɓi 35,000 dole aikin ya amsa kuɗinsa. Ki jiƙa ƙyallaye kafin yanka, ja daban, shuɗi daban, don atamfa mai zuba ɗaya tak tana iya ɓata bargo duka a wankin farko, kuma wanda zai ja ruwa ya ja tun yanzu. Kada ki haɗa na auduga da na roba a fuska ɗaya. Idan kin yi shakka, ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana: na auduga yana ci ya bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. A ƙarƙashin dutsen guga ma halinsu ba ɗaya ba ne, na robar na iya ƙanƙancewa ya ja maƙwabtansa. Leshi da yadi mai santsi ki ware su don ƙananan kaya. Ɗinkin da ke riƙe cikin kuwa, kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin tafin hannu, in ba haka ba abin da kika sa zai gangara ya taru a gefe ɗaya bayan wanki biyu. Audugar rimi ki bar wa matashi, ba ta son wanki. Ki ɗauki hoton kowane bargo a shimfiɗe kan gado, da hasken safe kafin hazo ya yi kauri, har da hoton kusurwa da na baya, don mai saye ta WhatsApp ta ga tsabtar ɗinkin.

Babban gyaran kuma na baɗi ne, don ba a fafe gora ranar tafiya. Hunturu daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa Fabrairu, kasuwar bargo kuma ta fi zafi a makonnin farkonsa, lokacin da sanyi ya ba mutane mamaki. Wanda ya fara ɗinki a lokacin ya makara. Ƙyallaye sun fi yawa a shagunan teloli gab da Sallah ƙarama da babba, lokacin za ki tara. Da damina, sa'ad da ɗinki ke ja baya, ki zauna ki haɗa fuskokin barguna kawai. Fuska ba ta cin komai sai zare da lokacinki, tana naɗewa ta shige akwati, ba ta tare wuri. Kada ki sayi faiba da yadin baya sai Oktoba, don kada kuɗinki su kwanta wata huɗu, kuma kada danshi da ɓeraye su riga mai saye. Idan kika shiga Nuwamba da fuska 20 a ajiye, kowace oda kwana ɗaya ko biyu za ta ɗauke ki maimakon huɗu, mai saye kuma ta zaɓi wadda ta kwanta mata a rai da idonta.

Ki sa ido kan kalanda kuma. Azumi na dawowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, a 2030 a farkon Janairu zai kama. Wato shekarun nan masu zuwa ɗinkin Sallah da kasuwar bargo za su riƙa faɗowa a lokaci ɗaya, su yi ta jan hannunki biyu. Alheri ne ta wajen masu saye, amma wadda ba ta yi tanadi da damina ba, dole ta saki ɗaya.

Shi ya sa maganar ƙarin hannu ta fi maganar ƙarin kuɗi. Kina zaune a garin da ya yi suna da ɗinkin hannu. A cikin birnin Zariya akwai matan da ke zaune a gida suna yi wa manyan riguna aiki da allura, hannunsu ya saba da layi madaidaici. Ki nemi biyu, ki ba su bin layin riƙe ciki, ki biya su a kan kowane bargo, kuɗin da ku duka kuka yarda da shi kuma ba za ki ji kunyar faɗarsa a gaban kowa ba. Wanki da guga da yanka a kan ma'aunin kwali, yarinyar da ke koyon ɗinki a wurinki za ta iya. Ke ki riƙe zaɓen launi da haɗa fuska, don nan ne bargonki ya bambanta da na kowa. Ladansu ya shiga uwar kuɗi kafin ki ɗora riba.

Ranar da oda ta fi ƙarfin kekenki, kika ga babban keke mai ɗaukar kauri ne ya rage miki, sannan maganar kuɗin waje ta taso. Ki fara da adashi, ki roƙi uwar adashi ta ba ki kwasar Satumba ko Oktoba. In bai isa ba, bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin murabaha, inda za su sayi keken su sayar miki da ribar da aka sani tun farko, ki biya kaɗan-kaɗan. Za su nemi ganin shige da ficen kuɗinki, don haka tun yau ki sayi littafi ɗaya na bargo kaɗai, ki ware kuɗinsa daga na ɗinki da na cefane.

Waɗanda suka saya bara a 18,000 za su dawo, kuma za su yi mamakin sabon kuɗin. Kada ki ɓoye musu, kada kuma ki yi ta ba da haƙuri. Ki ce bara gwaji kika yi ba ki sa ladan aikinki ba, bana kin lissafa: ƙyalle 225, yadi biyar na baya, kwana huɗu a kan keke. Ki yi musu ragin 2,000 don su ne suka fara yarda da ke, ki nuna wa wadda abin ya fi ƙarfinta rigar matashi ko ƙaramin bargo na gadon yara. Wasu za su tafi. Idan shida suka tsaya a 33,000, bayan kin cire kuɗin kaya za ki riƙe 123,000 a kwana 24, alhali bara guda 14 ɗin nan 77,000 suka bar miki a kwana 56.